Afish ɗin da Gwaggo ta kifa a bango

Jama'a, abin da na daɗe ina nema ashe yana ɗakin Gwaggona!

Kun san ni da tara tsofaffin afish, wato takardun tallar fim na silima, masu zanen mutanen ƙarfe. Akwai wani mai jan ido da na taɓa gani a waya. Na karaɗe Maraɗi, babu.

Yau na je Tsibiri gaida Gwaggo, ƙanwar marigayi babana. Ana yaɓen ɗakinta, an ɓamɓaro takardar da na saba gani a bango, mai rubutun ajami da ban iya karantawa. Na juya ta. Wallahi shi ne!

Na ce, "Gwaggo, don me kika kifa shi?"

Ta ce, "Mala'iku ba su shiga ɗaki mai hoto. Ni rubutun nike so."

"Rubutun wa?"

"Na babanka. Lokacin shi ke liƙa su a ƙofar silima. Ran sunanka ba takarda a gida, sai ya rubuta sunan a bayan wannan."

Na roƙe ta. Ta miƙo mini, ta ce, "To kai wane gefe za ka kifa?"

Har yanzu yana hannuna, ban liƙa ba.