Kyamarar da Na Ɗauko a Ƙarƙashin Hula

Duk faɗin Yelwa ba a haifi mai saurin yanke shawara kamata ba. Ni ne nake shiga kasuwar kifi in nuna giwan ruwa da yatsa tun mai shi bai gama sallama ba. Har babur na taɓa saye ina tsaye ina cin gyaɗa. Amma kyamarori biyu sun kusa sa ni hawan jini.

Inna, mahaifiyata, tana zaune a wani tsibiri bayan Wara tare da ƙanwata. Tunda nake, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ka ɗaga waya, ta ja mayafi. Sai ga ƙanwata ta kira ni wata safiya ta ce, "Yaya, Inna ta ce ka taho ka ɗauki hoton nan da kake damunta da shi." Tsohuwar da ta ƙi abu duk rayuwarta, in ta aiko da kanta, ka san akwai abin da take ji a jikinta.

Wayata kuwa in ta ɗauki mutum aka wanke, sai ya fito kamar an hango shi ta cikin kunu. Na nufi shagon wani abokina mai sayar da kayan lantarki na hannu. Ya ajiye mini guda biyu. Ɗaya mai ɗan kauri, ana cire mata ido a sa wani, ya ce irin na zamani ce da ba madubi a cikinta, ko ɗaki da duhu tana gani. Ɗayar kuwa ba ta fi sabulun wanka ba, sai ka jefa aljihu.

Ɗakin Inna taga ɗaya gare shi, ita ma an toshe da tsumma, don haka babbar ta dace. Amma babbar sai an rataye ta a wuya, kuma yadda hanya ta zama yanzu, kowane shinge sai an tambaye ka wa ya aiko ka, me kake ɗauka. Ga kwalekwale, in iska ta taso ruwa har cikin kunne. Ƙaramar tana ɓoyuwa, amma in na je ta kasa ganin fuskar Inna fa? Ba na jin za a ba ni dama ta biyu.

Na ɗauki wannan, na ajiye, na ɗauki waccan. Na koma gida na kasa cin tuwo, ni da ake ɓoye wa tukunya. Haka na yi ta zarya har abokin nawa ya daina tashi in ya gan ni.

"Malam, kyamara ka zo saye ko aurenta za ka yi? In aure ne turo magabata."

Ina wannan ne ƙanwata ta sake kira, ta ce Inna ta rage cin abinci, ko fura sai an lallashe ta. Ban san lokacin da na fizgi ƙaramar ba.

A bakin ruwa na yi abin da masuntanmu ke yi da waya, na tura ta ƙarƙashin hula, don aljihu shi ke fara jiƙewa. Iska ta taso muna tsakiya. Kowa ya riƙe gefen jirgi, ni na riƙe kaina da hannu biyu ina salati. Wata mai tallan bushasshen kifi ta ce, "Bawan Allah, ciwon kai ne? Sannu."

Na iske Inna kwance, ta rame. Abin da na ji tsoro kuwa shi ya faru. Cikin ɗaki kyamarar sai ta harba wuta, Inna ta runtse ido. Na sake, ta sake runtsewa. Ƙanwata ce ta ce mu fito da ita bakin ƙofa. Muka tallafe ta a hankali, muka zaunar kan tabarma, hasken la'asar ya sauka a fuskarta. Na danna, ta fito sarai, har tsagen kumatunta.

Na miƙa mata ta gani. Ba ta ko dubi hoton ba, kyamarar ta juya a tafin hannunta.

"Wagga 'yar aba ce ta tsai da kai tun da nay yi aike? To ka gode Allah. Da mutuwa ba ta fi ka jan ƙafa ba, da ƙasa za ka iske ka ɗauka."