Matakalar Nana Maryamu a Ma'adi

Ina shekara ta uku a karatu a Alƙahira Innata ta bugo min waya, ta ce maƙwabciyarmu za ta zo aikin ido, in riƙe ta kamar ita. Mama muke ce wa matar, Kirista ce, katanga ɗaya ta raba gidajenmu tun kafin a haife ni. Na sama mata masauki wajen wasu 'yan'uwa mata a unguwar Hayyin Ashir.

Likita bai ɓoye mana komai ba. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma aikin na iya gyara shi, na iya ƙarasa shi. Ana gobe za a yi, Mama ta kama hannun rigata.

"Ɗana, an ce akwai inda Maryamu ta sauka da jaririnta suka shiga jirgin ruwa. Ka kai ni in gani tun idon nan yana aiki."

Ni da na shekara uku ban taɓa leƙa coci ba! Sai da na yi tambaya aka kwatanta min wani tsohon coci a Ma'adi, a bakin kogin Nilu. Muka hau jirgin ƙasa na metro, tana ta faɗa wai mutanen garin nan ba su iya gaisuwa ba.

A bakin ƙofa muka tarar da mai gadi. Kiristocin Masar suna da ɗan zanen gicciye a wuyan hannu, shi ake nunawa a wuce, saboda tsaro. Mutumin ya dube ni, ga hula ga gemu ga jallabiya, sannan ya nuna hannun Mama. Ita kuwa baiwar Allah ta miƙa masa tafuka biyu, jawur da lallen da ta sha kafin ta taso, tana murmushi, a zatonta yabawa zai yi. Ya juya hannun, ya duba, babu komai.

"Ma'alish," in ji shi, wato a yi haƙuri, "yau sai 'yan gida."

Raina ya ɓaci, ni kuma dama ba a daɗe ana roƙona fushi ba. Na zazzage masa Larabcin aji, wanda ba mai yin sa a titi, har wata mai sayar da kyandir ta fashe da dariya. Da na ga ba ci, na sassauta. Na ce masa ni Musulmi ne, ban ɓoye ba. Wannan tsohuwa ta fi shekara sittin tana zuwa coci, a ƙasarmu ba a yin zane. Gobe za a yanka idonta.

Ya leƙa fuskarta. Mama ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta gane ana hana ta. Sai kawai ta durƙusa masa irin na gida, gwiwa biyu a ƙasa. Mutumin ya ruɗe, ya yi saurin ɗaga ta yana cewa, "Khalas ya ummi, khalas!" Wato ya isa haka, uwata. Ya buɗe mana.

Matakalar da ke gangarawa bakin ruwan ta dutse ce, ƙunci gare ta, ga santsi. Mama ta tuɓe takalmi, ta taka ɗaya, ta kasa taka ta biyu. Na tattare jallabiyata na tsuguna na ce ta hau. Haka na goya ta muka gangara, mutane na matsa mana. Har yau idan na tuna, kaina kumbura yake yi, ban kuma ji kunyar faɗa ba.

A ƙasa na sauke ta. Ta rufe idon hagu da tafi, ta zuba wa ruwan na dama. Can ta ce, "Ashe ruwan ma ba shi da wani faɗi. Yalla, mu tafi, na gani."

Aikin bai yi ba. Ranar da aka kwance bandejin, likita ya haska mata fitila, ba ta ko ƙifta ba. Ni ne na kasa riƙe hawaye. Ta laluba ta sami kaina ta dafa.

"Kukan me kake yi? Ai ka riga ka kai ni."