Maigidana da ƙudajen gidan burukutu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah ya karɓi ran maigidana, Baban Hafsa. Har yau in na tuna shi addu'a nake fara yi, sai kuma haushi ya biyo baya. Haushinsa nake ji, da na unguwarmu a Gwarinpa, da na kaina.

Masanin halittu ne a wata cibiyar bincike ta gwamnati. Lokacin da mulki ya dawo hannun farar hula, Abuja na ta kumbura, sa'o'insa na bin filaye da kwangila, shi kuwa ƙuda yake bi. Ƙudan ma 'yan mitsi-mitsin nan masu jan ido, da ke taruwa a kan ruɓaɓɓiyar ayaba. Ya sha zaunar da ni ya yi mini bayani. Ɗan itace in ya ruɓe yakan tsima ya fitar da barasa, su kuma ƙudajen a ciki suke ci, a ciki suke hayayyafa. A jikinsu akwai wani sinadari mai narkar da barasar, iri biyu ne, kuma gadonsa ake yi. Masu irin farko sun fi jurewa, masu na biyun nan da nan suke laushi. Abin da ya hana shi sukuni shi ne, ƙudan da kakanninsa suka tashi inda barasa ta yi yawa, ya fi na tulin mangwaron kasuwa juriya ko kuwa?

To ina barasa ta fi yawa? Gidan burukutu. Duk Asabar mutumin nan zai sa farin kaftani da hula, ya tuƙa mota har Karu, ya shiga gidan wata dattijuwar Gbagyi mai dafawa, Mama Laraba, da kwalabe a jaka. Ya fito da kwalabe a jaka, rigarsa na tsami. Wani maƙwabcinmu ya gan shi sau ɗaya, kafin Juma'a zance ya gama unguwa.

Na roƙe shi ya yi wa mutane bayani. Ya yi, kuma gara a ce bai yi ba. A ƙofar masallaci wani dattijo ya tambaye shi, "Dakta, wai me ke kai ka can?"

Ya ce, "Aunawa nake, Alhaji, in ga waɗanda suka fi iya ɗaukar giya."

Bai ambaci ƙuda ba! Da na rufe shi da faɗa sai ya ce, "Haba Maman Hafsa, wa zai zaci mutane nake nufi?" Kowa ma haka ya zata. A da in liman ya yi tafiya shi ake turawa gaba, daga ranar aka daina. Bai taɓa kawo mini ƙorafi ba, a bakin wasu na ji ya koma sahun baya.

Da zai leƙo yau, na san zai yi murna da 'yarmu Hafsa, wadda ta bi layinsa. Ta ce abin da yake kwashe watanni yana tantancewa, yanzu na'ura na karanta shi cikin kwanaki. Gidan Mama Laraba kuwa an rushe, shaguna ne a wurin. Zancen ne kawai ba a rushe ba. A wani biki kwanan nan wata ta dafa ni ta ce, "Allah ya jiƙan Dakta, mutumin kirki, in ban da abin nan." Sai da na ji kamar in shaƙe ta.

Amma ba ni da bakin zagin kowa, kuma dalilin wannan rubutu ke nan. Ranar addu'ar uku, falo cike da matan unguwa, sai ga Mama Laraba ta zo tun daga Karu. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ɗaga murya: "Madam, sannu da haƙuri. Ogan nan, shekara da shekaru yana zuwa wajena, amma ko..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Tsoro ya kama ni, kada a ce har mai burukutu ta zo ta'aziyyar mai saye. Na kama hannunta na ja ta kicin. A can ta ƙarasa maganarta, cewa ko ruwa bai taɓa sha a gidanta ba, ƙudajensa kawai yake kamawa ya gaishe ta ya tafi. Ni kaɗai na ji, ni da na riga na sani. Na zuba mata abinci, na sallame ta ta ƙofar baya.

Takardunsa suna nan, ɗalibai na karantawa, wannan ba zai ɓace ba. Sunansa ne na kasa tsarewa. Mama Laraba ta rasu, ba wanda zai sake ji daga bakinta. Shaida ɗaya Allah ya aiko masa har cikin falonsa, matarsa ce ta hana ta magana. Baban Hafsa, ka yafe mini.