Tukunyar Nowel ta Inna Alisabatu

Kafin rana ta leƙo garin Tanut, Inna Alisabatu ta share majami'a, ta cika randar bakin ƙofa, tana rera waƙar yabo ƙasa-ƙasa. Haka take tun rasuwar mijinta, malamin asibitin da aiki ya kawo su Damargu. Mu Kiristocin nan ba mu da yawa: malaman lakwal ne, wato makarantar boko, da jandarmomi, da ƴan kasuwa, yau a kawo wannan, gobe a ɗauke wancan. Ita ce ba ta zuwa ko'ina. Duk baƙon da ya sauka tasha, tuwonta yake fara ci.

Girkin Nowel, wato Kirsimeti, ma nata ne. Akwai shekarar da shirin bikin ya so ya watsa mu. Ankon mata ya maƙale wajen tela a Damagaram. Ragon da aka sayo a Gangara ya tsinke igiya ya shige daji. Madam Rifkatu, shugabar zumuntar mata, ta yi cacar baki da mataimakiyarta har suka daina gaisawa. Inna kuwa tana tsince shinkafa tana waƙarta.

"Inna, ke abin nan bai dame ki ba ne?" in ji Rifkatu.

"Ƴata, wanda muke yi wa bikin an riga an haife shi. Ragon bai gudu da shi ba."

Ranar Nowel, muna fitowa daga sujada, labari ya zo cewa kamyo, babbar motar kaya, ya kife a hanyar Agadas, an kwaso matafiya zuwa asibiti, ba mai kai musu ko ruwa. Inna ta gyara ɗamara ta ce a ɗora tukunyar a amalanke.

"Yaranmu fa?" Rifkatu ta tambaya.

"Yaranmu gidajen iyayensu za su kwana. Maryamu ma baƙuwa ce a Baitalami, aka rasa mai ba ta ɗaki. Kamo min wancan kunnen tukunyar."

Mu da muka bi ta mun ga abin da ta yi. Cikin matafiyan akwai Fa'iza, mutuniyar Belbeji, mijinta na hannun likitoci rai a hannun Allah. Ta ƙi ci, ta ƙi sha, jaririnta na tsala kuka ko kallonsa ba ta iya yi. Inna ta goya shi, ta zauna a ƙasa gefenta.

"Ci, ɗiyata. In kin faɗi, wa zai tsaya wa mutum biyu?"

Ba ta tashi ba sai da Fa'iza ta ci, ta karɓi ɗanta ta ba shi nono. Daga baya Fa'iza ta zauna a ɗakin Inna har mijin ya miƙe.

Da muka koma majami'a ran nan, muka tarar Hajjo, maƙwabciyar majami'a, Musulma, ta aiko da ƙwaryar fura, Mato mahauci ya aiko da nama. Yara suka ƙoshi. Muka yi waƙa da tsofaffin tufafinmu, Rifkatu da mataimakiyarta suka wanke tukunya tare suna dariya.

Bana gwiwoyi sun ƙi, Inna ta miƙa wa Rifkatu muciya.

Inna, ke ce inuwar baƙo. Ke ce kika koya mana cewa in hidima ta yi yawa, a tsaya a tuna Mai bikin. Ba ki taɓa hawa mumbari ba, amma wa'azinki muka fi riƙewa. Mun gode. Ubangiji Ya saka miki, Ya sassauta miki ciwon nan.

Ku kuma ƴan'uwa, in Disamba ta matse ku, tela ya saɓa, miya ta yi gishiri, ku sauke numfashi ku leƙa waje. Akwai wanda bai ci ba. Ku fara da shi.