Zoben mai gadi da na'urata

Rana ɗaya tak na ara wa maƙwabcina Sale na'urata ta neman ƙarfe, wajen 2003, a unguwarmu ta Ƙurban. Ni shekara biyu ina tonon filin ƙwallon unguwarmu, ba izini, ba cike rami. Marafan kwalba kawai nake samu.

Shi kuwa wurin tsoho mai gadin filin ya fara zuwa.

"Ya ammi, baba, in duba filin?"

"Tafaddal, bismillah. Tunda ka tambaya, duba gindin raga, nan zobena na azurfa ya faɗi."

Minti goma Sale ya tono shi, ya mayar da ƙasa ya daddanne.

Daga ranar, Sale kullum shayi da dabino wurin tsohon. Ni kuwa "Abu Ramuka" tsohon yake kirana.

Na'urar fa tawa ce! Ku da ba za ku ji haushi ba?