Ɗauko Malam Idi Mai Facin Keke

Ana sallame sallar Asuba na kama hanyar tasha. Ranar ne Sale Dogo zai buga wasansa na ƙarshe a Kano, bayan ya ɗauki shekaru yana buga wa ƙasa ƙwallon kwando. Tare muka fara wasa, ni gwiwa ta ajiye ni. Abu ɗaya ya roƙe ni: in kawo masa Malam Idi mai facin keke.

Rano

Motar ta ƙi cika, kuma a shingen Bunkure aka sauke mana kaya kaf. Hantsi ya dubi ludayi kafin mu isa. Rumfar facinsa da aka kwatanta mini na tarar ta zama shagon cajin waya.

"Ya koma wajen 'yarsa a Kibiya," in ji mai shagon.

Ƙosan da na saya, a kan babur ɗin acaɓa na ci shi.

Kibiya

'Yar ta amsa sallamata daga zaure: "Baba yana Nariya ta'aziyya." Rana ta take tsaka, Dogo sai kira yake, na kasa ɗauka.

Da na ba ɗan acaɓan da ya ɗauke ni labari, sai ya ce, "Dogo? Yaron da ke tallan rake babu takalmi? Malam Idi ne ya kafa masa tsohon rim ɗin keke a jikin tsamiya a matsayin kwando, ya saya masa ƙwallon roba. Har magariba ana jin dam-dam."

Nariya

Na same shi kan tabarma, ido ya tafi. Na isar masa da saƙon Dogo.

"Yaro, ni da ba na gani, me zan kalla?"

"Baba, za ka ji."

Sai ya ce a miƙo masa sandarsa.

Kano

Mun shiga ana hutun rabin lokaci, fili ya cika maƙil. Dogo na hango mu ya ratso 'yan wasa, ya zube gaban tsohon, yana kuka. Malam Idi ya laluba, ya dafa kansa.

"Sale, kai ne? Zauna haka tukuna. Rabon da in taɓa kan nan tun kana firamare."

Washegari na mayar da shi Kibiya, na iso gida da la'asar, gwiwa a kumbure. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya.