Bijiman Jaji a Hannun Kotu

Jaji mutumin Dudunni ne, da bijimai biyu na huɗa yake ciyar da gidansa. Shekarar da naira ta fito, ya ara wa maƙwabcinsa Amiru su. Washegari ma'aikatan kotu suka zo kama kayan Amiru kan bashi, suka kora har da bijiman.

Jaji ya taka har Kankiya, hankali tashe. Ya ce wa alƙali, "Allah shi gafarta Malam, shanuna ne, aro na ba shi."

Aka ce ya kawo shaidu. Ya kawo, aka yi ta ɗaga shari'ar. Sai bayan wata biyu aka sakar masa su, duk sun rame, huɗa ta wuce. Da rani ya sayar da su, ya koma ƙwadago a gonakin mutane.